Yadda ake cire ruɓaɓɓen gefen baya na tsohuwar Mustang a walda sabo

Motocin nan masu ƙaton inji da Amurka ta ƙera daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, irin su Pontiac GTO da Dodge Charger da Chevrolet Chevelle da Ford Mustang, ba inji ne ke kashe su ba. Injin V8 ko ya shekara talatin a kwance ana sauke shi a farfaɗo da shi. Tsatsa ce ajalinsu. A jihohi irin su Michigan da Ohio gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, taya ta feso shi cikin lungunan bodi, waɗanda yawancinsu ko fenti ba su gani ba tun daga masana'anta. Shi ya sa masu saye suke rububin motar da ta yi zamanta a Arizona ko Kalifoniya.

Zan ɗauki Mustang ta 1967 da 1968, wadda aka fara sa wa babban injin 390, in bi aikin canza gefenta na baya, wato falankin da ya taso daga bakin ƙofa ya rufe taya har zuwa fitilar baya. Wanda ya iya wannan, sauran sassan ba za su gagare shi ba. Abu ɗaya za ka riƙe tun yanzu: Chevelle da GTO suna da shasi daban wanda aka ɗora wa bodi, amma Mustang da Charger bodin ne shasin. Duk falankin da ka yanke, ka cire wani abu da ke riƙe da motar ne. In ba ka tokare ta ba, za ta motsa ba tare da ka gani ba, sai ranar rataya ƙofa gaskiya ta fito.

Fara da sanin iyakar ɓarnar

Kumburin da ka gani a fenti kusa da bakin taya ƙarshen labari ne, tsatsar daga ciki ta fara. Ka bi jikin motar da ƙaramin maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cika wurin da fila, wato kullun da ake cike lotsawar bodi da shi. Ka kankare fentin gefen gaba ɗaya har ƙarfe ya fito fes, sannan ka shiga cikin but da fitila da sukudireba, kana soka duk inda ka yi shakka: rumfar taya ta ciki da ta waje, ɗan falankin da ya sauka daga daɓen but zuwa ƙasan gefen, dokin ƙofa, da dogayen ƙarafan da safirin ɗin baya ke maƙale a jikinsu. Kada ka ji tausayinta. Wurin da sukudireba ta huda, walda ma za ta huda shi.

Mustang tana da wani ciwo nata na musamman. Zuba ruwa a ramukan iskar da ke gaban gilashin gaba, ka leƙa ƙarƙashin dashbod. In ya ɗigo ciki, akwatin da ke ƙarƙashin ramukan ya ruɓe, kuma shi ne ya cinye daɓen motar. Canza daɓe ba tare da gyara wannan ba asarar kuɗi ce kawai.

Tsarin aiki daga ciki yake fitowa waje. Ƙarafan ƙasa da daɓe da dokin ƙofa da rumfar taya su ne farko, gefen waje shi ne na ƙarshe, domin a kansu zai zauna. Kuma gefe ɗaya ake yi a lokaci guda, ɗayan ya zama abin aunawa.

Wane falanki za ka saya

Iri uku ake sayarwa. Akwai ɗan faci na ƙasa ko na bakin taya, akwai fatar waje wadda ta tsaya kaɗan ƙasa da kafaɗar motar, akwai kuma cikakken gefe da ya kai har mahaɗar rufi da bakin ƙofa da magudanar but. Kamfanoni irin su Dynacorn suna sayar da su duka, har da bodi sukutum, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan falankai a Taiwan ake buga su.

Sabon shiga yakan zaɓi fatar waje don ya ga ta fi araha. A ganina ita ce ta fi wuya, saboda tana buƙatar doguwar walda a jikin siririn ƙarfe, daga ƙofa har fitila. Cikakken gefe kuwa a mahaɗun masana'anta yake zama, inda ƙarfe ya ninku kuma ido ba ya kaiwa. In tsatsar bakin taya ce kawai, yi faci ka bar ƙarfen asali, don ya fi kowane sabo zama daidai. In ta kama wuri uku ko huɗu, ko an taɓa buge gefen an cika shi da fila, saya cikakke.

Sabon falanki yana zuwa da baƙin fenti. Jiƙa tsumma da tina ka goga a lungu. In bai fita ba, mai kyau ne, a bar shi a ɗan goge da sanfefa daga baya. In ya biyo tsumman, a kankare shi duka.

Abin da zai iya kashe ka

A Mustang na waɗannan shekaru, saman tankin mai shi ne daɓen but. Wato tartsatsin da za ka yi kai tsaye kan tanki zai sauka. A cire shi da bututunsa a kai waje, kuma tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari saboda tururi. A cire batir, kujeru, kafet, rufin ciki, wayoyin fitilun baya da gilashin baya da na gefe. Tartsatsin giranda yana nutsewa cikin gilashi, ba ya kankaruwa. Baƙin kwaltar da aka shafa a ƙasan mota tana kama wuta, a kankare ta aƙalla taƙi ɗaya daga inda za a yi walda.

Kada ka taɓa wanke wurin walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin. Zafin walda yana mayar da shi iskar fosjin, wadda aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Asiton ya isa, ka bari ya bushe. Tukunyar kashe gobara ta kasance kusa da hannu, kuma in ka gama walda ka zauna rabin awa kafin ka kulle gareji.

Ƙofa ce alƙali

Nan ne yawancin ayyuka ke lalacewa tun kafin a kunna injin walda. A ajiye motar a kan shimfiɗaɗɗen siminti, a tokare ta ta yadda nauyinta zai zauna kamar tana kan tayoyinta: matokara biyu ƙarƙashin aksul na baya, biyu a gaba, a duba da ma'aunin ruwa cewa ba ta karkace ba. Daga nan ba a ƙara ɗaga ta ko motsa ta har sai an gama walda.

Sannan ka gyara ƙofa. Ƙofofin nan dogaye ne masu nauyi, bayan shekara hamsin fil da bushin na hinji sun cinye, ƙofar ta sunkuya. Canza su, ka cire ƙugiyar kulle daga jikin ginshiƙi don kada ta riƙa ɗago ƙofar tana ruɗin ka, sannan ka daidaita ƙofar da tsohon gefen tun yana nan, da kuma dokin ƙofa. Layin jikin ƙofa ya miƙe da layin gefe, tazarar ta zama milimita 4 zuwa 5 daga sama har ƙasa. Tsohon gefen, duk da ruɓewarsa, a inda Ford ta ajiye shi yake. Da zarar ka yanke shi, ƙofar ce kaɗai ta san inda yake a da. Saboda haka ba a sake taɓa notin hinji.

Yanzu tokara. Samu bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, ka ɗiga masa walda daga cikin mota: ɗaya a gicciye tsakanin ginshiƙan bayan ƙofa, ɗaya daga ginshiƙin gaba zuwa na baya ta yadda ƙofa za ta iya rufuwa, biyu kuma su yi gicciye a cikin but. Motar da ba ta da rufin ƙarfe tana buƙatar fiye da haka. Ka auna bakin but daga kusurwa zuwa kusurwa, haka bakin gilashin baya, ka rubuta a takarda, ka ɗauki hotuna da yawa, musamman na yadda falankai suka hau juna a kowace mahaɗa.

Cire tsoho

Masana'anta da ɗigon walda ta haɗa gefen, masu ɗimbin yawa a jikin mota. Goge bakunan da buroshin waya, za ka ga ƙananan lotsattsun da'irori. Kowanne ka buga masa fanci a tsakiya, sannan ka huda da bakin diril na cire ɗigon walda, mai faɗin milimita 8. Falankin sama kaɗai za ka ci. Da ka ga ɗan ƙurar tsatsa ta fito, ka kai tsakanin biyun, tsaya. Ka zura siririyar kurfi tsakaninsu ka raba a hankali. In ta ƙi rabuwa akwai ɗigon da ka tsallake, neme shi, kada ka sa ƙarfi ka lanƙwasa bakin da za ka zauna a kai.

Ya fi sauƙi ka fara yanke tsakiyar gefen da faifan yanka ka jefar, ka bar ɗan yatsa biyu a kewaye. Sai dai ka leƙa baya tukuna, don akwai ƙarafan ciki dab da fatar.

Mahaɗar gefe da rufi ba a ganin ta, domin da dalma aka cike ta a masana'anta. Ɗumama wurin da ƙaramar wuta, dalmar za ta yi laushi, ka share ta da buroshin waya ta zuba a kwano. Kada ka ci ta da giranda, ƙurarta guba ce mai taruwa a jiki. Sa takunkumi mai matata, ka wanke hannu kafin cin abinci.

In tsohon ya fita, ka gyara duk abin da ya bayyana. Kusan kullum rumfar taya ta waje ta ruɓe a baki, kuma yanzu ne kaɗai lokacin canza ta. Amma kada ka walda ta tukuna, maƙala ta da sukuru, don sai an gwada ta tare da sabon gefen. Miƙar da bakunan da guduma da ƙarfen tarewa, wato dunƙulen ƙarfen da ake tarawa a bayan falanki in ana duka, goge ragowar tsohuwar walda, shafa furaimar efoksi, wato fentin farko mai hana tsatsa, a duk cikin da ba za ka sake gani ba. Bakunan da za su haɗu kuwa a fesa musu siririn furaima mai zinki wanda aka yi don walda.

Gwaji, cirewa, sake gwaji

Babu sabon falankin da ke zama daram daga kwali. Ɗora shi, kama shi da filaya masu kullewa da 'yan sukurori masu huda da kansu, rufe ƙofa. Mayar da murfin but, ƙarfen ƙarshen gefe da ke kusa da fitila, bamba, da ƙarfen adon gilashin baya. Duk abin da zai taɓa wannan gefen sai ya hau yanzu. Ja baya taku goma ka duba layin jiki daga madgad na gaba har baya, ka tsuguna ka hango shi ta tsawo. Yanki kwali daidai da lanƙwasar ɗaya gefen ka ɗora a nan ka gani.

Za ka tarar da matsala, babu makawa. Wani baki ya yi tsawo sai an rage, wata kusurwa ba ta lanƙwasu sosai ba, wani lokacin sai an tsaga falankin kusa da bakin ƙofa an matso da shi an ɗinke. Duka wannan aiki ne na yau da kullum. Abin da ba a yi shi ne kwance ƙofa don ta bi sabon falanki. In ka yi haka, madgad na gaba zai ƙi zama, bonet ya biyo baya, ka wayi gari kana bin kuskure ɗaya har hancin mota.

In komai ya zauna, zana inda bakuna suka haɗu, cire falankin, huda ramuka na milimita 8 a bakunansa, a tazarar da masana'anta ta bari, wajen santimita 3 zuwa 5. Ramukan sukurori kuwa su za su mayar da kai daidai inda ka tsaya.

Walda

Ƙarfen waje kaurinsa wajen milimita ɗaya ne. Waldar sanda da ake yin ƙofofin gida da ita huda shi za ta yi. Waldar kabaid da fanal bitocinmu suka ƙware a kai tana da fa'ida, domin ɗinkinta mai laushi ne, yana bin guduma, amma zafinta yana bazuwa nesa, kuma a falanki mai faɗi irin wannan sai gwani na gaske. Liƙi da farin tagulla kuwa a bar shi, ba ya riƙe mahaɗa mai ɗaukar nauyi yadda ya kamata, kuma ragowar hodarsa tana tayar da fenti daga baya. Abin da ya dace shi ne injin MIG, mai turo wayar walda da kansa, da waya mai kaurin milimita 0.6, da gas mai kashi 75 argon kashi 25 kabon dayoksaid, yana fita wajen lita 10 a minti. A rufe ƙofar gareji ko a kare iska, don tana kwashe gas ɗin sai walda ta yi ƙuraje.

Kafin ka taɓa mota, yanki guntaye daga ragowar ƙarfe mai kauri ɗaya ka gwada. Walda biyu, sa a bais, murɗe su har su rabu. In ƙarfen ya yage ya bar waldar, saitinka ya yi. In waldar ce ta ɓalle, ƙara wuta.

Waldar cike rami ita ce madadin ɗigon masana'anta. Matse falankai biyun da filaya dab da ramin har babu iska tsakaninsu. Kankare furaimar da ke cikin ramin da bakin diril da aka dakusar. Fara daga tsakiya, a kan ƙarfen ƙasa, in ya narke ka zagaya zuwa baki har ramin ya cika. Daƙiƙa biyu ko uku ne. A baya ya kamata ka ga tabon zafi da ɗan tudu. Kada ka bi su a jere: ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a baya, ɗaya a bakin taya, kana rufe ƙofa da but lokaci lokaci kana duba tazara. Inda babu ƙarfe a baya, kamar ramin sukuru, tara guntun jan ƙarfe a bayansa, walda ba ta kama shi.

In faci ko fatar waje ka zaɓa, dole ka yi waldar baki da baki, kuma nan ne haƙuri ke ƙarewa. Wasu suna ɗora sabo kan tsoho su walda don sauƙi. Ban yarda da shi a jikin waje ba. Danshi yana shiga tsakanin ninkin, guduma ba ta iya gyara shi, kuma in rana ta buga motar layin yakan nuna ta cikin fenti. Yanke a santimita 2 ko 3 daga wani layi ko lanƙwasa, domin nan ƙarfe ya fi tauri, kuma inda hannunka zai kai baya. Kusurwoyin faci a zagaye su. Ɗora sabo kan tsoho, zana, yanke, gyara da fayil har bakunan su haɗu ba tazarar da ta wuce kaurin waya, kuma fuskokinsu su yi daidai in ka shafa da yatsa.

Abin da ya kamata ka gane shi ne kowane ɗigon walda yana tsukewa in ya huce, yana jawo ƙarfen kewaye. Wannan tsukewa ce ke sa falanki ya lotsa ko ya yi igiyar ruwa. Maganinta ba dukan lotsawar ba ne, buɗe waldar ne. Saboda haka: ɗiga ɗigo ɗaya, tsallaka taƙi guda, ɗiga wani, har ƙarshen layi. Bari su huce. Rage kan kowanne da gefen faifan yanka, gaba da baya. Tara ƙarfen tarewa a bayansa, buga masa guduma sau biyu ko uku har ka ji ƙarar ƙarfe kan ƙarfe. Za ka ga falankin ya dawo. Sai zagaye na biyu a tsakanin na farko, haka dai, daga baya kowane ɗigo ya riƙa hawa rabin na kusa da shi har layin ya rufe. Ba a jan walda ko ta santimita biyu. In tafin hannunka ba zai iya zama a kan ƙarfen ba, lokacin ɗigo na gaba bai yi ba. Kada ka sa jiƙaƙƙen tsumma don gaggawa, ƙara tsukewa yake yi. Layi mai tsawon mita ɗaya yana iya cin yini guda, kuma yinin bai tafi a banza ba.

Gurza ma tana kawo zafi. Ci kan waldar kaɗai da gefen faifai, sannan ƙaramin faifan sanfefa mai lamba 36, ka ƙarasa da 80. In ƙarfe ya fara shuɗi, ka matsa wani wuri. Yawan gurza yana sirantar da gefen waldar har ya tsage daga baya, gara ka bar ɗan tudu a baya. Kashe fitilar gareji, sa wani ya haska daga ciki. Duk ƙwayar hasken da ta fito rami ce, a cike ta da walda, ba da fila ba.

Rufewa

Cire tokaran bayan an gama duka walda, sake auna kusurwoyin ka gwada da takardarka. Wanke ƙarfen, fesa efoksi hannu biyu a ranar, don ƙarfe tsirara yana fara tsatsa cikin dare ɗaya in akwai danshi. Mahaɗar rufi a walda ta gaba ɗaya, sannan a cike da dalma in akwai wanda ya iya, ko da fila mai zaren gilas wadda ba ta shan ruwa. Fila ta gama gari kada kaurinta ya wuce milimita 3. In wuri ya nemi fiye da haka, guduma yake nema. Duk mahaɗa a bi ta da man toshe mahaɗa, ciki da waje.

Bayan fenti sai a zura dogon bututu a fesa kakin hana tsatsa cikin dokin ƙofa, bakin taya da ƙasan gefen, inda zafin walda ya ƙone furaima. Kakin yana toshe ramukan fitar ruwa da ke ƙasan dokin ƙofa da bayan taya, don haka a bi su da waya a buɗe kafin a mayar da tanki da kafet.